Yaran da Suka Auna Duniya da Sanda a Marwa

Wanda ya san Marwa a watan Agusta, in aka ce masa an tara yara su yi nazarin taurari a wannan lokaci, dariya zai yi. Tsakiyar damina ke nan. Kogin Mayo Kaliyawo, wanda rabin shekara yashi ne zalla har samari na buga ƙwallo a cikinsa, ya kawo jan ruwa, kuma kusan kowace la'asar sai hadari ya taso daga gabas. Sama mai kyau a ƙasarmu sai Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazon hunturu ya sauka. To amma a lokacin yara na aji. Dogon hutu a Kamaru Yuli da Agusta ne, ba a samun ɗan lise, wato ɗan babbar sakandare, da hannu sake sai a cikinsu, don haka malaman da suka shirya abin suka rungumi ƙaddara.

Ni ba malami ba ne, shadda da atamfa nake sayarwa a babbar kasuwar Garwa. 'Yar ƙanwata ce ta ja ni. A damanar 2023 ta ci jarrabawar probatuwar, wadda ake yi kafin ajin ƙarshe na sakandare, a ɓangaren lissafi, malaminta na kimiyya ya sa sunanta cikin waɗanda za su je. Uwarta ta ce atafau. "Yaya, ilimin taurari ba shi ne na masu duba ba? Kuma yarinya mace a ce tana waje har asuba?" Na ce mata wannan lissafi ne da awo, irin wanda ake fitar da lokutan salla da shi. Ta ce ita dai in ba ƙafata ƙafar yarinyar ba, babu inda za ta. Kasuwa kuwa a Agusta kwance take, kowa kuɗinsa na gona ko na littattafan yara, sai na bar wa yarona shago.

Mun tashi daga Garwa bayan sallar asuba. Tafiyar kilomita 200 ce da 'yan kai, amma ramukan hanya cike da ruwa da shingayen duba katin shaida sun maishe ta ta rabin yini. Muka wuce dutsen Tingelin da Pitowa, muka ratsa Figil inda ƙurar siminti da farar ƙasa ta ɓata ganyen bakin titi, sannan duwatsun Muturwa masu hawa kan juna. Ko'ina kore shar: dawa ta kai kafaɗa, auduga da gyaɗa sun rufe kunya. Daga Salak, inda filin jirgin sama yake, sai ga darbejiyar Marwa jere a titi. Muka sauka gidan wani abokin cinikina a Domayo, matarsa ta karɓi yarinyar hannu biyu.

A farfajiyar wata makaranta da ke bayan gari ake haɗuwa. Yaran ba su kai talatin ba, mata ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Akwai 'yan Marwa da Garwa, akwai na Kusiri da Yagwa da Kayele, har da samari biyu da suka tsallako gadar Ngeli daga Injamena. A aji Faransanci ake yi, a tsakar gida Fulatanci, a gindin bishiya Hausa da Larabcin Shuwa. Kayan aikinsu kaf ana iya ɗaure shi a bayan babur biyu: teleskof guda mai madubi a ciki, wanda aka aro, tabarau mai hangen nesa irin na maharba guda biyu, tsofaffin kwamfutoci uku, da tocila da aka rufe wa baki da jar leda don kada farin haske ya kashe ido cikin duhu.

Babban malamin, wani siririn mutum da ba ya rabuwa da alli a aljihu, ya gaya mini inda ya ɗauko dabarar. A Amurka akwai wani shirin hutu da aka fara a 1959 a garin Ojai na jihar Kalifoniya, shekara biyu bayan Rasha ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik ta firgita su. Ana tara 'yan sakandare mako biyar zuwa shida, a raba su uku-uku, kowane rukuni a ba shi dutse guda daga cikin duwatsun da ke kewaya rana suna gittawa kusa da duniya. Su ɗauki hotonsa dare daban-daban, su auna matsayinsa, su lissafa hanyarsa da kansu. Lissafin kuma tsoho ne. A ranar 1 ga Janairun 1801 wani masanin taurari, Piazzi, ya gano Ceres, wani ƙaton dutsen sama, daga Palermo ta Italiya, ya bi ta 'yan makonni, ta shige hasken rana ta ɓace masa. Gauss, masanin lissafi Bajamushe, yana ɗan shekara 24, ya ɗauki waɗannan 'yan awon ya faɗi inda za ta ɓullo, aka kuwa same ta a wurin a ƙarshen shekarar. "Alhaji," in ji malamin, "kayansu ba mu da shi. Uku-ukun nan da barin yaro ya auna da hannunsa, wannan muna da shi."

Dararen farko babu abin da aka gani sai walƙiya. Yara suka fara zumɓura baki, wasu na danna waya. A nan na ga amfanin malamar lissafin da ke tare da su, mace mai kaifin ido wadda ba ta ɗaga murya. Ta ba kowa littafin rubutu, ta kafa doka: kowane dare a rubuta kwanan wata da lokaci da yanayin sama, sannan abin da idonka ya gani. In hadari ne, ka rubuta hadari, ka faɗi kashi nawa na sama ya rufe. Ba a gogewa, ba a yage shafi. In ka yi kure ka ja layi guda a kai yadda za a iya karanta kuren. Da farko na ɗauka neman abin shagaltar da su take yi.

Da rana suna kan kwamfuta. Akwai wani shiri na ƙasa da ƙasa da aka kafa a Texas a 2006, wanda ke raba wa ɗalibai hotunan da teleskof ɗin Pan-STARRS ke ɗauka daga kan dutsen Haleakala a Hawai. Hoto huɗu ne na wuri guda a sama, an ɗauke su a jere da tazarar 'yan mintoci. Manhajar Astrometrica takan riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri: taurari na tsaye cak, in akwai dutse sai ka ga ɗan ɗigo yana rarrafe. Da hotunan gwaji yaran suka yi aiki, waɗanda aka riga aka san abin da ke cikinsu. Aikin ba ya da daɗin kallo. Ɗigon dole ya tafi a miƙe, da sauri iri ɗaya, haskensa bai canja sosai ba, in ba haka ba datti ne na na'ura. Yaro zai yi ihu ya gano, a duba a ce ba shi ba ne. Wuta kuma ta ɗauke ana tsakiyar aiki, a koma jiran ta dawo. Ɗaya daga cikin 'yan Injamena, da ya gaji, ya ce shi bai ga abin wahala a kan duwatsun da ba ruwansu da mu ba. Malam bai yi masa gardama ba, ya buɗe masa hoton ƙasarsu daga sama, ya nuna masa Aorunga a arewacin Cadi, zobe a cikin zobe mai faɗin kilomita 12 da ɗoriya, da Gweni Fada a yankin Ennedi, duka biyun tabon faɗowar dutse ne. Ya ƙara musu da na Zagami a ƙasar Katsina, wanda ya faɗo a Oktoban 1962 kusa da wani manomi a gonarsa, nauyinsa wajen kilo 18, daga baya aka tabbatar ɓallen duniyar Mirrihu ne. Ni kaina wannan ya tsaya mini a rai, don kakannina daga wajen Katsina suka zo.

Da watan Safar ya tsaya, sama ta ɗan yi sauƙi, aka yanke shawarar a fita daga hasken gari. A da, in ji malaman, duwatsun Mandara ake nufa, amma halin tsaron bakin iyaka ya sa ba mai kai 'ya'yan mutane can da dare. Aka zaɓi wani ƙauye kusa da Mindif, wajen kilomita 25 daga Marwa, inda dutsen nan da ake kira Haƙorin Mindif ya tsaya shi kaɗai a fili. Aka nemi izinin lawan, ya ba mu filin makarantar firamare da tabarmi, ya haɗa mu da samari biyu masu gadi. Matan gidansa suka aiko da tuwon dawa da miyar yakuwa.

Jinjirin wata ya faɗi da wuri. Na girma a gidan da ake kwana a tsakar gida lokacin zafi, amma fitilun Garwa sun daɗe da raba ni da irin wannan sama. Farin zanen nan da ya ratsa daga kudu zuwa arewa ya fito har da baƙaƙen tsagoginsa, jerin taurarin da ake kira Kunama ta karkata yamma da jan tauraronta a ƙirji. Malam ya sa kowa ya miƙa hannu ya dunƙule, ya ɗora dunƙulen a kan layin ƙasa ta arewa. Tauraron arewa na zaune daidai kan dunƙulen. Dunƙule a miƙaƙƙen hannu wajen digiri 10 ne, mu kuma muna digiri 10 da rabi arewa da ikwaita. Ya ce in kun je Alƙahira dunƙule uku za ku ɗora.

Aka juya teleskof ga Zuhal, duniyar nan mai zobe da Turawa ke kira Saturn, wanda a watan yake fitowa tun magariba ya kwana a sama. Layi aka yi. Kowane yaro in ya sa ido sai ya yi shiru, sannan ya ɗago ya dubi bakin bututun, wai ko an manna hoto. Da layi ya zo kaina na gane dalili. Ɗan ƙanƙane ne, fari-fari, zobensa a karkace, tsaf kamar an ɗinka shi da siririyar allura a kan baƙar shadda. Kafin ka ƙoshi ya sulale daga ido, sai an tura bututun, domin duniya na juyawa da mu. Hasken da ya shiga idona ya yi tafiyar fiye da awa guda.

Wani dattijo malamin allo, Bahaushe da ya tsufa a garin, ya zo da buzunsa ya zauna gefe. Ba ya son sa ido a bututun da farko, hira ya zo yi. Ya lissafa mana manzilolin wata 28, wato masaukansa a cikin taurari, a kan yatsu, daga Sharaɗaini har ƙarshe, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, ya ce ku tara ku gani. Wata yarinya 'yar Kusiri ta tara a littafinta: 365. Ya ambaci na damina, Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, da irin ruwan da manoma ke sa rai a kowanne. Yaran da ke ganin sun zo koya wa ƙauye abu suka gyara zama. Can wajen sha ɗaya da wani abu Mushtari, wato Jupiter, ya fito, bayansa Kaza da 'ya'yanta, wadda malamin ke kira Surayya, samarin gadi kuma ke kira Daccuki. Aka yi gasar ƙirga su da ido: wasu shida, masu kaifin ido bakwai. A tabarau suka zama gommai.

Dattijon ya ce abin da ya lura da shi bana shi ne Zara ta ɓuya. Watan jiya tana nan da magariba tana ƙyalli, yanzu babu ita. 'Yar ƙanwata, wadda a gida sai an yi da gaske take magana gaban manya, ta durƙusa ta ce, "Baba, ba ɓata ta yi ba, ta shiga tsakaninmu da rana ne. Kafin watan nan na Turawa ya ƙare za ta fito da asuba ta gabas." Ya ce ai na asuba Gamzaki ne. Ta ce guda ce, Baba. Ta ɗauki tocila da lemo ta zagaya da su ta nuna masa yadda abin da ya fi mu kusa da rana ba ya taɓa nisa da ita, ko ya bi ta a baya da yamma ko ya riga ta da safe. Ya yi shiru, ya ce, "To 'yata, za mu gani. In ta fito ki aiko a gaya mini, in ba ta fito ba ni zan aiko." Sannan ya yarda ya leƙa Zuhal. Ya daɗe a kai, ya ɗago ya ce Tabarakallah, ya ɗauki buzunsa.

Daga daren nan rukunoni biyu suka kama aikin watannin Mushtari, guda huɗun da Galileo ya gani a Janairun 1610. Kowane dare da sama ta buɗe, a zana Mushtari da ɗigogin da ke jere da shi, a ƙiyasta nisan kowanne. In ka san kwana nawa wata ke yi kafin ya kewayo da kuma nisansa, lissafi zai ba ka nauyin Mushtari kansa. A nan dokar malama ta yi aiki. Wani yaro ya kawo zane mai ɗigo huɗu a daren da sauran duk uku suka gani, don ɗaya ya shige bayan Mushtari. Ta tambaye shi a hankali ina ya ga na huɗun. Ya ce ai huɗu ne, kowa ya sani. Ta ce, "Ban tambaye ka nawa ne ba, ɗana. Nawa ka gani?" Bai ji daɗi ba, har ya ƙi cin abincin dare. Ba ta lallashe shi ba, ni ma ban ga dalilin lallashi ba. Yaron nan makaranta ta saba masa da cewa amsar da ke cikin littafi ita ake ba maki, shekara goma sha yana kan haka, ba a dare guda zai saki ba.

Ran 23 ga Agusta, wajen ɗaya da rabi na rana, aka taru a kan waya guda ana kallon kumbon Indiya, Chandrayaan-3, yana sauka kusa da ƙuryar kudancin wata, kwana huɗu bayan na Rasha ya tarwatse a can. Indiya ta zama ƙasa ta huɗu da ta sauke kumbo lafiya a kan wata. Da daddare wata ya kusa rabi, yara suka yi ta bin bakin inuwarsa a teleskof suna kallon ramuka. Wani ya tambaya ko za a hango kumbon, aka yi masa dariya, malam ya ce a daina dariya a lissafa, mene ne mafi ƙanƙantar abin da madubin nan zai iya rarrabewa a nisan kilomita 384,000. Amsar ta fito a kilomitoci, kumbon kuwa bai fi ƙaramar mota ba.

Aikin da ya fi kama hankalina da rana aka yi shi, kuma kayansa sanda ce. Mu da ke tsakanin ikwaita da digiri 23 da rabi, sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai tsakar kanmu. A Marwa wannan na faɗowa bayan tsakiyar Afrilu, sannan wajen 25 ga Agusta. Ran nan, da tsakar rana, abin da ke tsaye a miƙe ba ya da inuwa. Fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, Eratostenis mai kula da ɗakin karatu na Iskandariya ya ji cewa a Aswan akwai ranar da hasken rana ke sauka har gindin rijiya. Ya auna inuwa a Iskandariya a wannan rana ya samu digiri 7 da ɗan kai, kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Ya ce to nisan garuruwan biyu kashi ɗaya cikin 50 ne na kewayen duniya. Marwa ce Aswan ɗinmu. Iskandariya kuma Ngaundare da ke kudu da mu, inda wani malami abokin malaminmu ya tara nasa ɗaliban.

In ana faɗa abin kamar wasa. A aikace kwana da kwanaki suka yi suna fama. Sanda mai tsawon mita guda dole ta tsaya a miƙe sak, suka aro zare da ɗan ƙarfe irin na magina. Daɓen dole ya zama shimfiɗaɗɗe, suka zuba ruwa a faranti suna dubawa. Tsakar rana ba sha biyu na agogo ba ce, sai an bi bakin inuwa ana ɗiga alli duk bayan 'yan mintoci a ga inda ta fi gajarta. A Marwa a kwanakin ta wuce sha biyu da wajen minti biyar. Limamin unguwar, da ya leƙo ya ga abin da ake yi, ya ce ai wannan zawali ne, kuma haka aka koya musu fitar da la'asar: tsawon abu a haɗa da inuwar da ta rage masa a zawali. Ya ce ran da babu inuwar zawali lissafin ya fi sauƙi.

Ranar kanta da gajimare ta waye. Wajen sha ɗaya da rabi ya yayyage. Aka jera kwalabe da bokiti da turmi a farfajiya. Inuwa ta riƙa janyewa tana shigewa ƙarƙashin kowane abu, har kwalba ta tsaya a ƙasa babu komai a gefenta, wani bututun roba da aka kafa kuma haske ya sauka har gindinsa. Yara na tsalle suna neman inuwarsu a ƙarƙashin ƙafa. Sai waya ta yi ƙara daga Ngaundare: can ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Murna ta koma ciki. Wani yaro ɗan Kayele, mai shiru-shiru, shi ya ce ai ba sai ranar da babu inuwa ba. Ko gobe ne, in an auna a garuruwan biyu a rana guda, bambancin kusurwa bai canja ba. Malam ya ce ya fito allo ya nuna, ya kuwa nuna. Suka haɗa awon ranakun da rana ta fito a duka wuraren.

Inuwar Ngaundare ta kudu take faɗuwa, ba ta kai santimita 6 ba, bambancin ya tashi wajen digiri 3.3. A raba 360 da shi, 109 ke nan. Saura nisa. Rukunin farko suka tambayi direban bas, ya ce kusan kilomita 500, suka buga suka samu fiye da 54,000, suna washe baki. Aka tuna musu titi ba ya tafiya a miƙe, kuma abin da ake so shi ne nisan arewa zuwa kudu kawai, wanda a taswira wajen 360 ne. Ya fito 39,000 da 'yan ɗaruruwa. Na gaskiyar wajen 40,000 ne. Aka yi tafi. 'Yar Kusirin nan ba ta tafa ba. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, taswirar da muka ɗauko nisa a ciki, ai waɗanda suka zana ta sun riga sun san girman duniya. Ba mu ari amsar ba ke nan?" Malam ya ce ta yi gaskiya, a rubuta haka a cikin rahoto, kuma duk wanda ke son ya wanke kansa ga hanyar Ngaundare nan, ya taka ya ƙirga.

Malama kuma ba ta bar su sun tsaya kan lamba guda ba. Bakin inuwa ba kaifi gare shi ba, dishi-dishi ne, don rana ba ɗigo ba ce, faɗinta rabin digiri ne a sama. Ta sa suka sake lissafi da santimita 5 da rabi, ya haura 41,000. Da santimita 6 cif, ya sauko ƙasa da 38,000. Rabin santimita a daɓen makaranta ya zama fiye da kilomita 3,000. Ni da nake auna yadi kullum na san abin da ɗan yatsa ke ci a kan turmi, amma ban taɓa jin an tilasta wa mai awo ya faɗi da bakinsa iyakar kuren da zai iya yi ba. A kasuwa ɓoye shi ake yi.

Akwai abin da bai yiwu ba. A tsakiyar watan wani Bajapane mai kallon sama don sha'awa, Hideo Nishimura, ya gano da kyamararsa ta hannu wata tauraruwa mai wutsiya, wadda ba za ta sake zuwa ba sai bayan fiye da shekara 400. Yara suka ƙwallafa rai. Matar mai masaukinmu ta ce su rufa wa kansu asiri, ganinta ba alheri ba ne. Suka yi ta tashi kafin kiran assalatu suna laluben gabas, kullum gajimare na kwance a daidai wurin. Shafi bayan shafi aka rubuta "ba a gani ba". A irin wannan asubar ce dai, dab da ƙarshen wata, Gamzaki ya leƙo ta wata tsaga ƙasa-ƙasa. A teleskof lauje ne siriri, irin na jinjirin wata. 'Yar ƙanwata ta sa na nemi direban da ke zuwa Mindif na ba shi saƙo ga dattijon.

Ranar rufewa aka gayyaci iyaye. Kowane rukuni ya tsaya gaban allo. Masu Mushtari suka ce sun samu cewa Ganimid, ɗaya daga cikin watanninsa, na kewayowa a kusan mako guda, wanda daidai ne, amma wani watan, Iyo, ya gagare su, don awa 42 kawai yake yi, su kuma hadari kan raba su da shi dare biyu ko uku, in ya buɗe ba su san sau nawa ya zagayo ba. Nauyin da suka fitar ya yi nisa da ninki 318 na duniya da ke cikin littafi, suka faɗi haka, suka faɗi dalili. Mai bayanin shi ne yaron ɗigo huɗu. Wani uba ya tambaya, da gaskiyarsa, wane aiki wannan zai samar wa ɗansa. Malam bai yi masa alkawarin komai ba. Ya ambaci Maram Kaire na Senegal, wanda ya jagoranci aikin awo da hukumar NASA ta zo yi a ƙasarsu a 2018, aka kuma sa wa wani dutsen sama sunansa a 2021, ya ce amma yawancin yaran nan likitoci za su zama da injiniyoyi da malamai da 'yan kasuwa. A ganina amsar ta fi ƙarfin abin da ya faɗa, sai dai wurin ba na dogon zance ba ne, kuma an riga an kawo lemo.

Abin da ya dame ni shi ne teleskof ɗin washegari aka naɗe shi a bargo aka mai da wa mai shi. Jami'ar Marwa na nan tun 2008, akwai attajirai a garin da ke kashe abin da ya fi kuɗinsa a kamu guda na biki. Na faɗa wa abokin cinikina haka, ya ce in fara da kaina. Muka yi shawara mu biyu, muka tambayi malam farashi, ya ce zai bincika ya gaya mana, kuma in da hali a haɗa da gilasan kallon rana, don ran 2 ga Agustan 2027 akwai husufi. Cikakkensa ta Masar zai bi, inda Luksor za ta yi duhu fiye da minti shida, mu kuma za mu samu wani yanki.

A hanyar komawa yarinyar ta yi barci tun daga Salak. Wajen Figil ta farka ta ce, "Kawu, rana na bin mu kudu fa. Garwa digiri 9 ce da ɗan kai, gobe ko jibi tamu ranar." Washegari kafin azahar na fito da kwalbar ruwa na kafa a ƙofar shago. Maƙwabcina mai takalma ya ce Alhaji ya je Marwa ya dawo da sabon salo. Mai shayi ya ce kwalbar ce gajera, a kawo taɓarya. Aka aiki yaro ya aro taɓarya wajen masu abinci, aka yi ta gardamar ko a miƙe take, har wani tela ya kawo zare da makulli aka daidaita ta.